Kofi a Hannun Baba Joel

"Wa ya sa almakashi a atamfar nan?"

Muryar Baba Joel ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so, har Turawan da ke kusa suka waiwayo.

"Baba, don Allah a hankali..." Olive ta riƙo hannun rigarsa. "Ana kallon mu."

"A kalla mana! Tambayarki nake yi, wa ya yanka zanin uwarki?"

Bai daɗe da sauka Amurka ba. Manomin citta ne daga wani ƙauye a gefen Kachia, dattijon coci, wanda karatunsa ya tsaya a firamare. Ya zo ne ganin 'yarsa tilo, Olive, da ke aikin nas, tana zaune a wani dogon bene a Alexandria. Ita ce ta matsa masa yau ya sa babbar rigarsa su shiga Washington kallon baje kolin zane-zanen zamani, wai wani abokinta ɗan Filato yana da aiki a ciki.

Tun shigarsu yake ganin abin mamaki yana haɗiyewa. Ɗaki guda ba komai sai tulin yashi da kujera mai ƙafa uku. Wani allo shuɗi ne fes, babu mutum babu dabba, amma ga jama'a tsaye a gabansa suna gyaɗa kai kamar masu sauraron wa'azi. Can kuma tsofaffin talabijin ne aka jibge, kowace tana nuna mace tana taje gashi. A ransa ya ce, da a gida ne yaro ya yi wannan ɓarnar, da ya sha bulala. Amma baƙo ba ya kushe miyar masu gida, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Har suka kai bangon ƙarshe.

Allon ya fi ƙofa tsayi. An yayyanka atamfa ƙanana-ƙanana, an manna su har suka fitar da siffar mace a zaune, babu fuska, hannuwanta buɗe a kan cinya. Atamfar Zumuntar Mata ce, irin wadda matan coci ke ɗaurawa. Dubban mata na da irinta, amma wannan ta Atine ce, matarsa da ta rasu shekarun baya. Ya gane ta ne da faci. Wata rana wuta ta lashi gefen zanin tana suyar ƙosai, ta ɗinke wurin da jan zare don shi kaɗai ta samu, ɗinkin ya karkace kamar tafiyar kaguwa. Ga facin nan, an ɗora shi daidai ƙirjin matar.

"Ni na ba shi, Baba," Olive ta faɗa.

"Ni kuma na yanka, Baba. Barka da zuwa."

Wani dogon saurayi ne siriri, gashinsa a murɗe kamar igiya, da fenti a ƙarƙashin farcensa. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawan nan duka, bai ji kunya ba.

"Sunana Dung."

Baba Joel ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Mece ce sana'arka?"

"Wannan ce, Baba."

"Yanka kayan matattu?"

"Baba!" Hawaye suka cika idon Olive.

"Matar da ko ƙofar gida ba ta fita ba kallabi, yau ita ce rataye a bango, baƙi suna nuna ta da yatsa! Mu tafi, Mamana. Na ga abin da kika kawo ni in gani."

A cikin jirgin ƙasa, kan hanyar komawa, bayan sun haye kogi, ya dube ta.

"Son sa kike yi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina son sa, Baba. Yana so ya turo magabatansa."

"Da me zai riƙe ki? Da almakashi?"

"Yana koya wa yara zane a makaranta, yana kuma aiki a gona. Mutumin kirki ne, wallahi..."

"Ba yunwa nake ji miki tsoro ba." Ya juya yana kallon taga. "Kin tuna abin da kika faɗa a bakin kabarin uwarki?"

"Na tuna."

"Kika ce, Baba, ina gama karatu zan dawo, ba zan bar ka kai kaɗai ba. Karatu ya ƙare, kika ce bari ki ɗan taɓa aiki. Yanzu ga aure. Gobe 'ya'ya su zo, su riƙa yi mini Turanci a waya. Ranar da na kwanta, wa zai rufe mini ido? Maƙwabta?"

Hawaye ne kawai ke ɗiga a kan jakarta.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Olive ta fita aiki da sassafe, shi kuma ya wuni a saman bene yana kallon motoci a ƙasa kamar tururuwa. Ba gaisuwa, ba kukan akuya, ba ƙasar da mutum zai taka. Ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya buɗe, jan zaren nan ne yake gani a tsakanin layuka.

Don haka ranar Asabar da Dung ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce yana roƙon a bar shi ya kai Baba gonar da yake aiki, bai iya cewa a'a ba. Marmarin ƙasa ya fi ƙarfin fushinsa.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa zuwa cikin Virginia, benaye suka ƙare, tuddai suka fara. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa sun koma ja da ruwan ɗorawa. Da suka sauka, Baba Joel ya tsaya cak. Layukan inabi ne miƙe tun daga gindin tudu har kansa, an ɗaɗɗaure su a jikin waya, ba wanda ya karkace. Bai san lokacin da ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza a tafinsa ba. Ya sansana.

"Ja ce, kamar tamu."

"Amma akwai tsakuwa, Baba. Inabi ba ya son ƙasa mai daɗi da yawa. In ya ji daɗi sai ya yi ta ganye, ya ƙi 'ya'ya."

"Kamar mutum ke nan," in ji Baba Joel.

Ya lura da yadda yaron ke ɗaga nonon inabi da tafin hannu, a hankali, kamar mai ɗaukar ɗan tsako. Hannun nan ya san aiki. Bai so ya lura ba, amma ya lura.

"Duk wannan kasuwa ake kaiwa?"

Dung ya sosa ƙeya.

"Matsewa ake yi, Baba. Giya ake yi da shi."

"Duka?"

"Duka."

Baba Joel ya karkaɗe hannunsa ya miƙe.

"Ƙasa mai albarka haka... Ubangiji ya kyauta."

Shi dai tun da aka yi masa baftisma yana saurayi, giya ba ta sake taɓa leɓensa ba. Sau nawa ya tsaya a gaban matasan coci yana ja musu kunne a kanta?

A kan tudun akwai wata rumfa ta katako inda baƙi ke zama suna ɗanɗana giyar gonar, kaɗan-kaɗan, iri bayan iri. Suka sami tebur a gefe. Dung ya kawo wa Baba ruwan sanyi, ya koma ya dawo da wani kofin gilashi mai doguwar ƙafa, da ɗan jan abu a gindinsa.

"Zaituna," ya ce wa Olive ƙasa-ƙasa, da sunan da yake kiran ta da shi, "wannan daga layin da na yi wa aski bara ne. Ki taɓa da harshe kawai, ki ji aikin hannuna."

Ta saci kallon mahaifinta, ta kurɓa kaɗan. Daidai nan wayarta ta yi ƙara.

"Wayyo, daga asibiti ne!" Ta miƙe a rikice, jaka a kafaɗa, teburin cike da kaya. "Baba, riƙe mini."

Ta rusuna, kamar yadda uwarta ta koya mata ba a miƙa wa babba abu a tsaye ƙerere. Ta miƙa masa kofin da hannu biyu. Ya karɓa bai yi tunani ba. Ta ruga can gindin wata bishiya tana magana.

Sai da kofin ya zauna a hannunsa sannan gabansa ya faɗi.

A garinsu ba da baki ake neman aure ba. Saurayi ne ke kawo abin sha, ya zuba a ƙwarya ya ba yarinya. Ita ta kurɓa, ta rusuna, ta miƙa wa mahaifinta da hannu biyu. Daga nan uba ba ya mayar mata, ba ya kuma ajiyewa. In ya shanye, ya bayar da ita. In ya zubar a ƙasa, magana ta mutu, saurayin ba ya sake tako gidan da wannan zance har abada. Da coci ta shigo an musanya burukutu da lemo, amma ƙa'idar tana nan yadda kakanni suka bar ta.

Olive ba ta san wannan ba. 'Yan mata ba sa zama a wurin sai wadda ake nema, kuma uwa ce ke koya wa 'yarta idan ranar ta matso. Atine ba ta kai ga koya mata ba.

Ya ɗaga ido a hankali, yana fatan yaron ma bai gane ba. Amma Dung ya riga ya cire hularsa. Ya zame daga kujera ya durƙusa a kan katako.

"Ka san abin da ke hannuna?"

"Na sani, Baba. Na tambayi dattawan garinku a cocinmu na Takoma Park, don in na tashi zuwa in zo daidai. Na rantse ba haka na shirya ba. Da lemo na yi niyya, a gidanka, da kawunnaina. Amma tunda ya shiga hannunka... ba zan ce ban gani ba."

Baba Joel ya dubi ƙasa. Tana nan kusa, taku ɗaya daga bakin rumfar. In ya karkata hannu kawai, shi ke nan, 'yarsa ta dawo gida.

Wata Baturiya mai hidima ta iso da murmushi, riƙe da kwalba da ɗan bokiti. Ta yi magana tana nuna kofin.

"Me take cewa?"

"Wai in ba ka so, ka juye a bokitin, ta zuba maka wani iri. Haka ake yi a nan."

Ta miƙo bokitin har ƙarƙashin hannunsa. Baba Joel ya yi sauri ya rufe bakin kofin da tafinsa, ya janye shi zuwa ƙirji.

"Ce mata ta tafi da abinta! Ana zubar da 'yar mutum a bokiti ne?"

Shi kansa ya yi mamakin yadda hannunsa ya yi saurin karewa.

Ya miƙe ya sauka cikin gonar, kofin a hannu, Dung na bin sa a baya. Suka bi layi ɗaya har ƙarshensa, suka juyo ta wani. Dattijon coci da babbar riga, yana yawo da giya a tsakar rana! Da mutanen gida za su gan shi...

"Me ya sa ka yanka zanin?" ya tambaya bai waiwayo ba.

"Tun da na san ta, yana ƙarƙashin matashin kanta, Baba. Ba ta iya buɗe shi, ba ta iya rabuwa da shi. Wata rana ta kawo mini ta ce, Dung, na fara manta yadda Mama take zama. Ka zaunar mini da ita."

Baba Joel ya tsaya. Nasa akwatin ƙarfen ya tuna, wanda ya kulle kayan Atine a ciki tun bayan jana'iza, bai sake buɗewa ba.

"Sayarwa za ka yi?"

"Ko da za a ba ni birnin nan, a'a."

"To facin fa? Me ya sa ka ɗora shi a ƙirji? Wurin da ya fi muni a zanin ke nan."

"Na tambaye ta halin Mama. Ta ce, Mama ba ta jefar da abu don wuta ta taɓa shi, ɗinkewa take yi. Sai na ga nan ne wurinsa."

Baba Joel ya kawar da kai. Ya daɗe yana kallon tuddai kafin ya juyo.

"Ka yi mini alkawari ɗaya, in shanye yanzun nan. Ka ce za ka dawo mini da ita gida, ku zauna kusa da ni."

Dung ya murza hularsa, ya sake murzawa.

"Baba... da ƙarya zan sa ka sha, da na faɗa. Ban sani ba. Aikinta yana nan, nawa yana nan. Ni ma tsohuwata tana Jos ita kaɗai, kullum da wannan ciwon nake kwana. Abin da zan iya rantse maka shi ne, ba za ka taɓa kiran ta ka rasa ta saboda ni ba. Duk ranar da ka ce ta zo, ni zan kai ta filin jirgi da hannuna. Fiye da haka ban mallaka ba."

"Kai wane irin mai neman aure ne? An buɗe maka ƙofa ka ƙi shiga!"

"Ƙofar ƙarya ce, Baba. Wata rana za ta faɗo mana."

"Baba! Dung! Ina kuka shiga?"

Olive ce ta taho da gudu-gudu tsakanin layukan, tana dariya.

"Haba Baba, har yanzu kana riƙe da shi? Kawo in zubar."

"Kar ki taɓa!" suka faɗa tare.

Ta tsaya turus. Dung ne ya matsa kusa da ita ya yi mata bayani a hankali. Baba Joel yana kallon yadda dariyar ke gushewa daga fuskarta, har ta kai hannu ta toshe baki.

"Ban sani ba... Baba, wallahi ban sani ba!"

"Na san ba ki sani ba. Wadda za ta gaya miki ba ta nan."

Sai ta zube a kan jar ƙasar, gwiwa biyu. Ta daɗe tana kuka kafin magana ta fito.

"Zubar, Baba."

"Zaituna!"

"Ka bari, Dung, don Allah ka bari... Na yi alkawari a gaban kabarin uwata. Shi kaɗai gare ni, ni kaɗai gare shi. Kai za ka sami wata, shi ba zai sami wata 'ya ba." Ta ɗago jajayen idanunta. "Zubar, Baba. Zan ajiye aikin, zan bi ka gida. Ka yafe mini, masoyina... ka yafe mini."

Dung ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Ga abin da ya tsallako teku yana nema, an ɗora masa a tafin hannu. Baba Joel ya karkata kofin. Jan ruwan ya gangaro har bakin gilashin, ya tsaya yana rawa.

Sai ya dube ta. Ta zauna a kan dugaduganta, kanta a sunkuye, hannuwanta buɗe a kan cinya. Zaman Atine ne sak. Haka ta zauna a ƙarƙashin mangwaron gidansu ranar da shi Joel, yaron mota mai riga ɗaya, ya kawo tasa ƙwaryar. Tsohon mahaifinta ya riƙe ƙwaryar har inuwa ta juya, don ya san za a kai masa 'ya hayin kogi, inda ba ya iya zuwa da damina. Ƙannensa suna ta ce masa ya zubar. Tsohon ya ce, 'ya ba rumbu ba ce da uba zai ajiye don ranar yunwarsa. Ya kafa kai ya shanye.

Shekara da shekaru yana cin albarkar wannan kurɓar, bai taɓa tambayar kansa yadda ta wuce a maƙogwaron tsohon ba. Yau ya sani.

Ya miƙar da kofin. Ya ɗaga ido sama.

"Ubangiji, kana gani. Ba don maye ba ne."

Ya rufe ido ya shanye tas.

Nan take fuskarsa ta yamutse, ya yi tari har da hawaye.

"Kai! Wannan kuke baro gari ku zo sha? Ai tsamiyar da ta kwana a rana ta fi shi!"

Olive ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta rarrafo ta rungume ƙafafunsa.

"Baba... Babana... alkawarina fa?"

"Ni aka yi wa, ni na yafe. Uwarki ma da tana nan, da tuni ta ƙwace kofin ta ɗura mini." Ya dafa kanta. "Tashi, Mamana, kina ɓata kayanki. Ki dai riƙa zuwa tun ina iya gane ki."

Ya juya ga Dung, wanda ya sake durƙusawa.

"Kai kuma, ɗana, ka gaya wa kawunnanka su same ni a gida, a yi abu yadda ake yi. Da lemo! In fastonmu ya ji labarin yau, daga bakinka ya fito."

"Ba zai ji ba, Baba. Na gode... na gode."

Baba Joel ya miƙa masa kofin, babu komai a ciki. Hannunsa ya yi sakayau, ƙirjinsa kuwa ya yi nauyi, don ya san jirgin da zai mayar da shi gida shi kaɗai zai hau, kuma gidan da zai tarar shiru ne. Ya share ido da hannun babbar riga, ya kama hanyar mota a hankali. Har ya yi 'yan taku, sai ya tsaya.

"Wurin nan na ranar... mai tulin yashi. Suna buɗewa gobe bayan coci?"

"Suna buɗewa, Baba."

"To ku mayar da ni. Na shiga da faɗa, na fito da faɗa. Ko gaishe da uwarki ban yi ba, Mamana."